Novozym 435 a cikin siririn bututu: abin da na gani bayan na daina juya shi a filas

Jama'a assalamu alaikum. Tun da na fara aikin haɗa esta, wato sinadarin da ake samu in asid ya haɗu da alkohol, ta hanyar amfani da enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, 'yan uwa masu karatun kemistiri suke tambayata wai shin Novozym 435 ɗin nan ya cancanci kuɗin da ake zuba masa ko dai suna ne kawai, toh yau na samu sarari bari in faɗi abin da na gani da idona. Eh ya cancanta, amma fa sai in a cikin bututu zaka ɗura shi ruwan sinadarin yana ratsa shi yana wucewa. In kuwa a filas, wato kwalbar gilashin lab, zaka jefa shi ka kunna maganaɗisu yana ta juyawa to kuɗinka kake niƙawa, ni ma sai da na niƙa nawa kafin na gane.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi a hannu ba, wasu fararen ƙwayoyi ne ƙanana, in ka zuba a cokali kamar acca, girmansu daga milimita 0.3 zuwa 0.9. Ƙwayar kanta roba ce mai ƙofofi da yawa, sunanta Lewatit VP OC 1600, a jikinta aka manna enzayim ɗin, wato laifes B na wani yis da ake kira Candida antarctica, wanda asalinsa daga tafkin Vanda da ke Antatika aka samo shi. Yanzu ba a wancan yis ɗin ake noman enzayim ɗin ba, an ɗauki ƙwayar halittarsa an sa wa naman gwari Aspergillus shi yake fitar da shi a manyan tankuna. Kamfanin Novozymes na ƙasar Denmak ne yake yin sa, su ne suka ɓalle daga Novo Nordisk a 2000, sannan a Janairun 2024 suka haɗe da Chr. Hansen sunan ya koma Novonesis, dan haka in kaga sabon suna a takarda kar ka ɗauka jabu aka kawo maka. A takardar kamfani ƙarfinsa PLU 10,000 ne a kowane giram, ma'ana giram ɗaya yana iya haɗa maikromol 10,000 na furofil lauret a minti ɗaya a yanayin gwajinsu.

Shi laifes aikinsa na asali fasa mai ne, yana tsinka esta da ruwa, irin abin da yake faruwa a hanjinmu in mun ci abu mai maiƙo. Abin da ya fara ja na ga wannan fanni shi ne in ka raba shi da ruwa sai ya juya da baya, maimakon fasawa sai ya koma haɗa asid da alkohol ya ba ka esta. Masu bincike Zaks da Klibanov a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna wa duniya a 1984 cewa laifes yana aiki a cikin busasshen ruwan sinadari har a zafin digiri 100, a lokacin da kowa ya ɗauka enzayim ba ya rayuwa sai cikin ruwa. Mu kuma abin da aka koya mana a aji shi ne hanyar Fischer da Speier ta 1895, ka zuba asid da alkohol ka ɗiga salfurik asid ka yi ta tafasawa, bayan nan ka wanke da ruwa ka wanke da baikabonet, kayan ya yi duhu ya ɗauki ƙauri sai ka sake tacewa. Da enzayim a digiri 50 kake aikinka, abin da yake fitowa fari tas, ba wanke-wanke ba asid mai cin tukunya. Shi yasa kamfanoni irin Evonik na Jamus suke yin wasu estocin man shafawa kamar miristil miristet ta wannan hanyar.

Ni da aisoamil asitet na fara, shi ne ƙamshin ayaban nan da kuke ji a alewa da cingam da fulebar da ake ɗigawa a kek. Na zaɓe shi ne dan hanci ma yana gaya maka ko aiki yana tafiya tun kafin ka je wajen na'urar GC mai auna abin da ke cikin samfur. Watannin farko duk a filas na yi, giram ɗaya na ƙwayoyin, heftan a matsayin ruwan narkarwa, alkohol da asid, ƙaramin sandan maganaɗisu a ƙasa. Zagaye na farko lafiya lau, na biyu ma haka, daga nan sai na lura ruwan yana yin hazo-hazo kuma in na zo tacewa takardar tana toshewa da wani farin gari, aikin kuma yana ja da baya a kowane zagaye. Na ɗauka enzayim ɗin ne ya gaji. Wani babba a lab ɗinmu, Allah Ya saka masa da alheri, shi ya ɗauki garin ya sa a madubin ƙara girma ya kira ni yace zo ka gani, wallahi ƙwayoyin duk sun farfashe kamar an daka a turmi. Sandan maganaɗisun ne yake murje su da gindin filas. Kuma abin da ya sa asarar ta fi yawa, wani bincike na 2003 ya nuna enzayim ɗin ba ya shiga har tsakiyar ƙwayar, a ɓawon waje ya taru, kaga kenan ɓangaren da yake fara gogewa shi ne ɓangaren da kuɗinka yake.

Daga nan na koma bututu. Ba wani abu ne mai wuya ba fa, mutane suna jin ance maikroriyakta, wato 'yar ƙaramar na'urar haɗa sinadarai, sai su zata sai an kawo injin miliyoyi. Kolom, wato bututun gilashi, na Omnifit na samu mai faɗin milimita 6.6, da siririyar tiyo ta Teflon, da famfon sirinji, da baho na ruwan zafi mai riƙe digiri. Ka ɗura ƙwayoyin a kolom, ka haɗa asid da alkohol a sirinji, famfo yana turawa a hankali, ruwan ya shiga ta ƙasa ya ratsa ƙwayoyin ya fito ta sama ka tara a kwalba. Shikenan. Ƙwayoyin suna zaune wuri ɗaya ba mai taɓa su, babu tacewa, babu kwashewa da mayarwa wanda a kowane zagaye sai wani abu ya maƙale a jikin takarda.

Ranar da na fara kunnawa bazan manta ba, ɗigon farko da ya sauka a kwalba ɗakin ya ɗauki ƙamshin ayaba, abin da a filas nake jira awanni ina ɗiban samfur. Dalilin kuwa ba sihiri bane, lissafi ne. A filas enzayim kaɗan ne yake yawo cikin ruwa mai yawa, a kolom kuwa ruwa kaɗan ne yake tsakiyar enzayim mai yawa, duk ɗigon da ya shiga ƙwayoyi sun kewaye shi ta ko'ina. Kuma kai ne da iko a kan lokacin da ruwan zai zauna a ciki, in sararin da ke tsakanin ƙwayoyin mililita 1 ne ka sa famfo a mililita 0.1 a minti to minti 10 kenan, in kana son minti 20 ka rage gudun zuwa rabi. A yini ɗaya sai in gwada gudu biyar ko shida a kan kolom ɗaya, in ɗaga zafi in sauke, abin da a da kowanne sai na ware masa filas ɗinsa da enzayim ɗinsa. Ga ɗalibin da kwalba ɗaya ce dashi dole ta kai shi ƙarshen digiri, wannan ba ƙaramin abu bane. Abu ɗaya dai, duk lokacin da ka canza gudu kar ka yi saurin ɗiban samfur, bari ruwa ya wanke kolom ɗin kamar sau uku na cikinsa tukuna, in ba haka ba tsohon sakamako kake aunawa.

Wajen ɗurawa akwai abin da nake so ku riƙe. Ƙwayoyin suna kumbura in sun sha sinadari, wannan halin robar ne kowa a fannin ya sani, dan haka kar ka cusa su a bushe ka ɗaure murfi tam. Jiƙa su tukuna a cikin ruwan da zaka yi aiki da shi su gama kumburinsu, sannan ka zuba su da ruwan gaba ɗaya kana ɗan bubbuga gefen gilashin su zauna, sai ka sauko da murfin ya taɓa samansu kawai ba tare da dannewa ba. Kuma ta ƙasa zaka riƙa turo ruwan dan iska ta samu hanyar fita, domin kumfar iska ɗaya in ta maƙale a tsakiya sai ruwan ya zagaye ta ya bi gefe guda, rabin enzayim ɗinka yana zaune ba ya aikin komai kai kuma kana can kana zargin kaya. Sannan ka sa takunkumi lokacin da kake aunawa a bushe, ƙurar enzayim tana jawo borin jiki da na numfashi, a rubuce yake a takardar kariyar da take zuwa da shi.

Toh yanzu ga inda nake so mu tsaya sosai, maganar ruwa, dan nan ne mutane suke yaudarar kansu da kalmar kwarara, wato aikin nan na bututu da ruwan sinadari yake wucewa. Duk mol ɗaya na esta da ka haɗa daga asid da alkohol sai mol ɗaya na ruwa ya fito tare da shi, giram 18. Enzayim ba ya canza inda ma'auni zai tsaya, wato inda haɗawa da fasawa suke zuwa daidai, sauri kawai yake ƙara maka ka isa wurin, kuma shi ruwan nan in ya taru laifes zai koma sana'arsa ta asali ya fara fasa abin da ya haɗa. A filas kana iya barin baki a buɗe ko ka ja da injin zuƙe iska ruwan ya fita. A kolom fa? rufaffen bututu ne, ruwan ba shi da inda zai je sai dai ya bi sahun kayan ko ya lafe a jikin ƙwayoyin. Ni na ga haka ƙarara, na yi ta rage gudu ina ƙara lokacin zama amma adadin estar ya tsaya cak a wuri ɗaya ya ƙi motsi, dan ba lokaci ne ya yi kaɗan ba, ma'auni ne ya cika. Kuma asetik asid ya fi kowa mugunta a nan, ƙarami ne yana son ruwa, sai ya narke cikin ɗan ruwan da ya lulluɓe enzayim ɗin ya mayar da wurin tsami, in ka sa shi da yawa lokaci ɗaya enzayim ɗin sai ya kwanta.

Abin da ya fitar da ni shi ne raba kolom biyu. Na farko enzayim, a tsakiya wani ɗan bututu cike da ƙwayoyin nan masu tsotse ruwa da ake cewa molekula sib mai lamba 3A, sannan kolom na biyu na enzayim ya ƙarasa aikin. Dole ka riƙa gasa sib ɗin kana canzawa in ya ƙoshi, wahala ce amma tana biya. Kar dai ka bushe komai ƙurmus, shi enzayim yana buƙatar ɗan danshi kaɗan a jikinsa kafin ya iya motsi. Ɗaya hanyar ita ce ka guje wa ruwan gaba ɗaya, ka yi amfani da binil asitet a madadin asid, shi abin da yake saki yana rikiɗewa ya zama asitaldihaid nan take kuma ba ya dawowa, dan haka aikin gaba kawai yake yi. Na gwada, sauri kam ba a magana. Sai dai asitaldihaid a wajen digiri 20 yake tafasa, kai kuma kana aiki a 50, zai iya yi maka kumfa a cikin kolom sai ka sa ɗan abin riƙe matsi a bakin fita. Kuma in burinka fuleba ce da za a rubuta mata ta halitta, a dokar Tarayyar Turai mai lamba 1334/2008 sai kayan da ka fara da su ma sun zama na halitta, binil asitet ya fitar da kai daga wannan layin. Asetik anhaidiraid ma ana amfani da shi, amma yana cikin sinadaran da ake sa wa ido a duniya saboda masu haɗa miyagun ƙwayoyi, sayensa sai da takardun izini, ni ban bi ta kansa ba.

Da na koma kan asid masu dogon jiki irin laurik da oleyik sai naga kamar dan su aka yi shi, ba ruwansu da irin rikicin asetik asid, kolom ɗaya na yi makonni a kansa, in na tashi sai in wanke shi da tet-butanol in rufe bakin biyu in sa a firij. Matsalarsu ɗaya kauri, laurik asid ma daskararre ne sai wajen digiri 44 yake narkewa, in baka ɗumama sirinji da tiyon ba a hanya zai daskare ya toshe maka komai. Masu sha'awar bayodizil kuma ku kula da metanol, in ya wuce abin da man zai iya narkarwa yana kashe wannan enzayim ɗin, tun 1999 masu bincike a Japan suka nuna sai dai a riƙa zuba shi kashi-kashi, ga giliserin da yake fitowa shi ma yana liƙe wa ƙwayoyin ya rufe su. Sannan ku sani enzayim ɗin manne yake a jikin robar ba ɗaure ba, a rubuce-rubucen masana an sha nuna cewa ruwa mai yawa ko sabulu ko sinadarai masu ƙarfin narkarwa irin DMSO suna iya ɓamɓare shi ya bi ruwa. Wanda zai yi abin ci ko sha kuma akwai Lipozyme 435, shi ne ɗan uwansa da aka tanada dan abinci.

Maganar maikroriyakta na gaske, wato ɗan faifan gilashin nan mai hanyoyi sirara kamar gashi, na saya guda daga wani kamfani da bazan ambata ba kuma gaskiya ban ji daɗinsa ba. Ba ma maganar zuba ƙwayoyin a ciki, ƙwayar da ta kai rabin milimita ina zata shiga hanyar da bata kai haka faɗi ba. Sai na gwada da enzayim na ruwa, layi biyu suna tafiya gefe da gefe, irin salon da masu bincike a Jami'ar Ljubljana ta Sulobeniya suka yi aisoamil asitet da shi a 2009, su da heksan da ruwa suka yi. Ilimin yana da daɗi matuƙa, kana kallon iyakar ruwan biyu a madubi, amma mahaɗin tiyon faifan nawa yoyo yake yi tun makon farko, na rubuta musu sau biyu ba amsa, kuma ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe hanyar. Ga shi enzayim ɗin yana fita tare da kayan sai ka sake raba su. In nazarin yadda sinadari yake tsallakawa daga wani ruwa zuwa wani kake yi to faifan ne naka, in kuwa esta kake so a kwalba kolom ya fi maka sau goma. Ko kolom ɗin ma kar ka matsa sai siriri sosai, ƙa'idar da ake bi faɗin bututu ya kai kamar ninki goma na ƙwayar, in ya gaza haka ruwan jikin bango yake bi ya tsere, kaga milimita 6.6 ɗin nan ma a bakin iyaka yake.

Famfon sirinji shi ma a samu mai kyau. Na farkon da na yi amfani da shi mai arha ne marar suna, a ƙaramin gudu tafiyarsa tsalle-tsalle ce, sakamako ya yi ta hawa da sauka. Kuma a wajenmu dole ka haɗa shi da batir ko inbata, in aka ɗauke wuta famfo ya tsaya baho ya huce, asid ya kwana a kan enzayim, duk abin da ka tara ranar ya tashi a banza.

Tsada kam akwai ta, musamman in ƙaramar kwalba zaka saya ta hannun dillalan kayan lab ga canjin dala ga kuɗin jirgi. Kuma a nan ne na fi jin haushi, dillalin da na fara bi ya riƙe min kaya makonni, da ya kawo kwalin da zafinsa kamar a bayan mota ya yini, babu takardar shaidar gwaji babu komai, kuma abu ne da ake so a ajiye a wuri mai sanyi busasshe. Allah Ya taimaka busassun ƙwayoyin suna da juriya bai mutu ba, amma tun daga ranar duk kwalbar da ta zo sai na fara gwada ta da laurik asid da furofanol na auna asid ɗin da ya rage da sinadarin KOH kafin in sa hannu a takardar karɓa, kuma ina ba ku shawarar ku ma ku riƙa yi, ku nemi lambar rukunin da ranar ƙarewa tun kafin ku tura kuɗi. In ku uku ne ko huɗu a sashe ɗaya ku haɗa kuɗi ku sayi babba ku raba, kolom irin nawa bai cin giram ɗaya ma.

Wanda zai haɗa esta mai arha da yawa irin etil asitet na wanke-wanke ba ruwansa da wannan, salfurik asid ya ishe shi. Amma mai fuleba, mai man shafawa, da mai son raba tagwayen sinadari irin 1-fenil-etanol inda enzayim ɗin yake kama ɗayan da ake ce wa R ya bar wanda ake ce wa S, wannan kam ban ga abin da zan ba shi a madadinsa ba. Yanzu haka kolom na uku nake ɗurawa, oleyik asid da aisoamil alkohol ba tare da heftan ba, so nake in ga ko kaurin zai bari famfon ya tura a digiri 60 ko kuwa sai na koma kolom mai faɗin milimita 10.